Motar da Jakunan Baba Suka Saya

Har yau in na ji mai mota ya miƙa wa bakanike makulli yana cewa, "Kai dai yi yadda ka gani," sai in ji raina ya ɓaci, ko da ban san shi ba. Ni ma na faɗi wannan magana, sau uku a kaka ɗaya, zamanin Turawa, lokacin ina ji da ƙarfina da taurin kaina. Duk ukun ban ji daɗinta ba. Mutum ɗaya da ya cancanci in faɗa masa ita kuwa, shi na yi wa tsiya a tsakiyar kasuwar Safana.

Babanmu mai jakuna ne. Shekara talatin da 'yan kai yana kwasar gyaɗar mutanen Wagini yana kaiwa inda ake awo. Ba shi da sarauta, ba shi da zurfin karatu, gonarsa ma ba ta kai a yi zancenta ba. Abin da yake da shi suna ne. An san buhu bai taɓa jiƙewa a hannunsa ba, bai taɓa ɓata ba, bai taɓa isa sikeli da rama ba. In ya tarar rafi bai janye ba, gara ya kwana biyu a bakin ruwa da jakunansa da ya yi kasada da kayan wani. Saboda haka mutanen Wagini ba sa ƙirga buhu in shi zai ɗauka. Sai dai a nuna masa tsibi a ce ga shi nan, a koma gona.

Ni kuwa cin rani ya kai ni Kano, na koyi tuƙi, na dawo Batsari da lasin a aljihu da rainin jaki a zuciya. Shekara biyu ina damunsa. Kullum zancena ɗaya, abin da jakunansa ke yi a wata mota za ta yi a kwana uku. Ban san ko hujjata ce ta ci shi ba ko gajiya da bakina, amma wata damina ya sayar da jakunan, ya bar tsofaffi uku da ba wanda ya taya, muka sayo tsohuwar babbar mota a hannun wani ɗan kasuwa a Katsina. An ce ragowar ta soja ce. Ni dai fentin da aka yi mata na gani, kore shar, ban duba komai ba bayan wannan.

Da gyaɗa ta kusa nuna, Baba ya ɗauke ni muka je Wagini, ƙofar gidan mai gari, inda dattawa ke zama. Bayan an gama gaisawa ya ce musu, "Bana mota za ta ɗauki kayanku. Ɗana zai tuƙa, amma ni na ɗauka. In buhu guda ya taɓa ruwa, ni na jiƙa shi."

Wani tsoho ya ce, "To Malam, ita motar tana jin magana kamar jaki?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Mai gari ya ce tunda shi ya faɗa, magana ta ƙare. Ba a rubuta komai ba, ba a kira shaida ba, aka raba goro muka tashi.

Ba a yi mako biyu ba motar ta fara nuna halinta. Ta yi zafi, ta yi tari, in ta ga tudu ta tsaya tana huci. A Batsari kuwa a lokacin babu gareji, babu bakanike, wanda ya taɓa leƙa cikin inji ma sai an bincika. Ni kaina tuƙi kawai na koya. Na san sitiyari da giya da birki, amma abin da ke gaban motar a rufe, ban fi matata saninsa ba.

Ga wata al'ada tamu da ta cuce ni. A wurinmu in ka kai wa maƙeri fartanya, sai ka gaishe shi, ka ajiye, ka yi tafiyarka. Tsayawa a kansa kana kallon hannunsa daidai yake da ka kira shi ɓarawo. Haka na tashi na gani, haka na ɗauki wannan ladabi cak na kai shi Katsina.

Bakaniken farko a bayan tasha yake, ƙarƙashin wata babbar bishiya. Ban taɓa ganin mai daɗin baki irinsa ba. Ya tambayi Baba, ya tambayi iyali, ya tambayi yadda damina ta yi a Batsari, har ya ce ai kakarsa ta wajen uwa mutuniyar Ruma ce, ashe ma gida ne. Ya sa aka damo mini fura. Kafin in kai ƙarshen ƙwaryar na riga na miƙa makulli na ce ya yi yadda ya gani, na wuce gidan wani ɗan'uwanmu a cikin gari. Kwana uku na dawo, mota ta tashi bugu ɗaya, na yi ta sa masa albarka. Ban kai rabin hanyar gida ba ta mutu murus. Wani direba da ya tsaya taimakona ya buɗe gaban, ya duba, ya dube ni, ya tambaye ni ko da wannan batirin na saye ta. Na ce ban sani ba. Ya ce to wannan ko fitila ba zai riƙe ba, ga fulogi biyu da suka girme ni, kuma in je in duba tayar baya ta hagu in gani ko ita ce na zo da ita. Ba ita ba ce.

Na koma Katsina a fusace. Mutumin nan ya tarbe ni da gaisuwar da ta fi ta farko tsawo, ya rantse, ya kira maƙwabtansa suka rantse, ya ce mota tsohuwa ai sai haƙuri. Da me zan kama shi? Ban san kayana ba balle in ce ga alamarsu. Na fita ina jin kamar in ciji yatsana, don ban san wa zan fi jin haushi ba, shi ko ni.

Na biyu a Dutsin-ma yake, surukina ya haɗa ni da shi, ya ce wannan ko allura ka manta a mota za ka dawo ka same ta. Gaskiya ya faɗa. Mutum ne mai tsoron Allah, tasbaha ba ta barin wuyansa. Ciwonsa ɗaya, bai iya cewa ba zai iya ba. Duk wanda ya kawo aiki sai ya karɓa, ya kwance inji ya baje a tabarma, ya tashi ya tarbi na gaba. Na tarar da motoci huɗu ciki a buɗe, tawa ta zama ta biyar, kuma na sake faɗin maganar nan tawa na tafi. Kullum na zo sai ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu." Allah ya yi ta kai mu, gobe ba ta zo ba. Kwana ashirin motar tana nan, har wata kaza ta share wuri a ƙarƙashinta ta fara ƙwai. Ka yi masa faɗa ya ba ka haƙuri, ka ƙara ya kawo maka ruwa, sai ka rasa inda za ka sa fushinka.

A can Wagini kuwa an cire gyaɗa, an ɓare, an ɗura a buhu, an tsiba a ƙofar mai gari. Masu jakuna daga Ruma sun zo har sau biyu suna neman lodi, mai gari ya sallame su ya ce su akwai alkawari a kansu. Duk wannan yana zuwa kunnen Baba. Bai taɓa yi mini faɗa ba. In na shigo gida sai ya ɗaga kai ya ce, "Ya jikin motar?" kamar mai tambayar marar lafiya. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Matata kuma ta ce a bakin rijiya mata sun sa wa motar suna amarya, wai don ba ta fita.

Ranar da mai tasbaha ya harhaɗa injin, sai ya miƙo mini wani ɗan kwano da ƙusoshi da wasu 'yan ƙarafa a ciki. Na ce na mene ne. Ya ce ragowa ce, ai Turawa sukan sa abu ya fi yadda ake bukata. Na karɓa na jefa ƙarƙashin kujera. Motar ta yi ta maza ta kawo ni Safana, ta mutu daidai bakin kasuwa, inda kowa zai gani.

Mutanen da suka taya ni turi su suka ce a kai ta wurin Kofur. Tsohon soja ne da ya yi aikin motoci a bariki, ya dawo garinsu da akwatin sifanu da kunne ɗaya da ba ya ji. Da yake mota ba ta cika biyowa ba, kekuna da keken ɗinki yake gyarawa a wata rumfar zana. Gajere ne, ba ya dariya. Abin da na fara lura da shi, sifanunsa a jere suke kan buhu daga ƙarami zuwa babba, kowanne ya ɗauka sai ya goge ya mayar mazauninsa.

Na durƙusa na fara gaisuwa yadda aka koya mini. Ya ce, "Lahiya," sau ɗaya, ya ce, "Mi ta yi?"

Na faɗa masa. Na ciro makulli na ce bari in ɗan zaga kasuwa kada in tsaya masa a kai.

Ya ce, "Ina za ka? Motar wa ce?"

Na ce tawa.

Ya ce, "To shiga ƙarƙashi."

Ni magidanci mai 'ya'ya biyu, da rigata ta zuwa unguwa, na kwanta a ƙasa kusa da shi baƙin mai yana ɗiga mini a fuska. Duk abin da ya taɓa sai ya faɗi sunansa ya ce in maimaita. Duk abin da ya cire sai ya sa mini a hannu ya ce in duba da kyau, nawa ne, in ya lalace in tafi da abina. Can ya tsaya ya ce akwai abubuwan da babu, wa ya taɓa ta? Na tuna da kwanon na ɗauko. Ya zazzage a tafin hannunsa, ya yi tsaki, kafin la'asar ya sama wa kowace ƙusa gidanta. Kwana biyu muka yi a haka. Na ji haushinsa ƙwarai, don yana yi mini magana kamar sabon kurtu, ko ruwa bai ce in sha ba. Amma da ya tayar da ita sai na ji wani sauti da ban taɓa ji a bakinta ba, lafiyayye, babu tari babu shaƙewa.

Na yi sawu biyu daga Wagini zuwa sikelin Dutsin-ma, ko gezau ba ta yi ba. Da na yi haƙuri a nan da ba ni da labarin bayarwa. Amma tsibin buhunan nan kamar ba a taɓa shi ba, ƙauyukan da suka ba masu jakuna duk sun gama, ana kuma raɗe-raɗin masu awo sun kusa naɗe tabarmarsu. Duk wanda na gaisar a Wagini sai ya amsa da fara'a, idonsa kuwa yana kan tsibin. Sai na tuna a Kano na ga motocin da aka ƙara wa sifirin, wato faifayan ƙarfen nan da ke jere kan juna a saman taya suna ɗaukar nauyi, aka kuma ɗaga musu bodi da katako, suna ɗaukar kaya kamar dutse. Na ce ai shi ke nan, in na yi haka sawu uku ya ishe ni.

Ranar kasuwar Safana na je wa Kofur da maganar. Rumfarsa cike da masu kekuna. Na ce ina so ya ƙara mini sifirin uku-uku a baya, in sa kafinta ya ɗaga bodi.

Ya ce, "A'a."

Haka kawai, tsirara. A ƙasarmu ba a ce wa mutum a'a a gaban jama'a. Akan ce sai mu gani, ko bari a duba, ko Allah ya nuna mana, kai da kanka ka gane ka janye da mutuncinka. Na ji duk idon rumfar ya dawo kaina. Na daure na ce me ya sa.

Ya ce, "Na kirki sai Kano, ba ka da lokacin zuwa. Ko ka samo, motar ta tsuhwa, gadonta, ƙarhen da ke ɗauke da ita duka, akwai tsohon ɗori, na nuna maka da hannunka. Ga rahi a hanyarka. Yi sawu shida ka kwana lahiya."

Gaskiya ɗaci gare ta, a gaban mutane kuwa ta fi ɗaci. Na miƙe na faɗi maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Na ce tsoro ne ya yi masa yawa. Na ce soja sun cinye masa kunne sun haɗa da ladabi. Na ce dama mai gyaran keke ina ya san babbar mota. Bai ko ɗago ba, yana ta ɗaure sarƙar wani keke. Sai da na gama ya ce, "Motarka ce. Amma gyaɗar ba taka ba ce." Na yi tsaki na fita, ina jin wai na rama.

A Batsari muna da maƙerin gidanmu, sa'an Baba ne kuma amininsa. Shi ya ƙera fartanyar da na fara noma da ita, ubansa ya ƙera ta Baba. Gidansu gidan wuta ne tun kaka da kakanni, kuma ba a taɓa jin ɗan gidan ya ce ƙarfe ya gagare shi ba. Na tsinto tsofaffin sifirin daga wata matacciyar mota a Dutsin-ma na kai masa, ban gaya wa Baba ba. Ya tarbe ni yadda ake tarbar mutum, ya sa aka shimfiɗa mini buzu, ya tambayi kowa da kowa har jaririyata. Raina ya yi sanyi, na ce a zuciyata ga inda aka san darajar mutane.

Na ce, "Sarkin Maƙera, wani aiki ne na kawo, an ce ba shi yiwuwa."

Ya juya ƙarfen a hannunsa, ya ƙwanƙwasa, ya yi murmushi. Ya ce, "Wa ya ce? Ƙarhe duk ƙarhe ne, ɗana. Bar mani shi."

Na ce ya yi yadda ya gani. Na uku ke nan. Muka kwance na jikin motar ma na bar masa don ya gwada tsawo, na yi tafiyata kamar yadda ladabi ya ce.

Tsakani da Allah ya yi aikin, wannan ba zan taɓa ɗauke masa ba. Kwana biyu zuga-zuginsa bai huta ba. Ya gasa su, ya lanƙwasa su daidai da na asali, ya huda, sannan ya yi musu ban-ruwa irin wanda yake yi wa gatari: ƙarfe ya yi ja wur, a tsoma shi cikin ruwan sanyi ya yi tauri. Don ƙauna ma har na asalin ya haɗa ya ba su ruwa, wai kada wani ya fi wani ƙarfi. Da na zo ya ɗauki ɗaya ya buga, ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Ya goga masa magagari, magagari ya zame bai ci ba. Muka dubi juna muna murna. Ni da shi babu wanda ya san cewa gatari tauri ake nema a wurinsa, shi kuwa sifirin aikinsa ya lanƙwasa ya dawo. Ko goro bai karɓa ba, ya ce ɗan amininsa ba ya biyan wuta.

Muka ɗaura sifirin, kafinta ya ƙara katako, mota ta miƙe ta yi tsawo, bayanta a ɗage kamar ta ƙoshi. Ranar lodi a Wagini har mata suka leƙo ta kan danga. Baba ya zo a kan ɗaya daga tsofaffin jakunansa. Ya zaga motar a hankali, yadda yake zaga dabba in zai saya, yana kallon 'yan dako suna ta jera buhu bisa buhu har suka wuce inda aka saba. Ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya don kada a ji.

Ya ce, "Jaki in an yi mashi yawa yakan durƙusa, sai ka rage. Wagga in an yi mata yawa, mi takan yi?"

Na ce, "Baba, ai ƙarfe ne."

Ya ja da baya. Ba zai kunyata ni a gaban mutanen da ya yi wa alkawari ba. Ya dafa buhun ƙarshe da aka ɗora, ya ce Allah ya kai lafiya.

Tsakanin Wagini da Safana akwai wani rafi da babu gada. Da kaka ruwansa yakan janye ya bar yashi, sai wata 'yar hanya a tsakiya da ba ta wuce gwiwa ba, akan shimfiɗa zana a bi ta kai. Sau huɗu na ratsa shi a makon da ya wuce. Da hantsi muka iso, na sa giya ta ɗaya na gangara a hankali. Tayoyin gaba suka shiga suka fita. Na baya na faɗawa ɗan kwarin sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana karya busasshen karan dawa. Motar ta zauna ta hagu, sabon katakon ya ɓalle, buhuna suka yi ta gangarawa cikin ruwa ina ji ina gani.

Ba wanda ya ji ciwo, 'yan dako biyu da ke saman kaya sun yi tsalle sun dira a yashi. Muka shiga ruwa muna ja. Wanda bai taɓa ɗaga jiƙaƙƙen buhun gyaɗa ba bai san nauyi ba. Ina ja ina zagin Katsina, ina zagin Dutsin-ma, ina zagin wanda ya sayar mana da motar, har Turawan da suka ƙera ta ban bari ba. Sunan mutum ɗaya ne na kasa kamawa, don na san abin da ya faɗa mini.

Kafin azahar labari ya kai Wagini. Sai ga Baba a kan jakinsa, mutanen gari na biye da shi. Bai dube ni ba. Ya tuɓe rigarsa ya ninke ya ajiye a kan yashi, ya shiga ruwa, tsoho da furfurarsa, ya kama kunnen buhu. Aka kwance ɗinki aka baje gyaɗar a kan zana ko za ta sha iska, kowa kuwa ya san wadda ta sha ruwa sikeli ba zai karɓe ta ba. Ba wanda ya faɗi baƙar magana. Sai ƙaddara ce, sai Allah ya kiyaye gaba, sai an gode Allah da abin ya tsaya a kan kaya. Can na hangi ƙanen mai gari a tsaye wajen buhunan da suka tsira, yana nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Ƙirgawa yake yi. Na waiwaya na ga Baba a tsaye cikin ruwa, shi ma shi yake kallo.

Washegari da safe Baba ya hau jaki ya ce in biyo shi. Na bi shi a ƙasa har Safana. A ƙofar rumfar Kofur ya sauka, ya cire takalmansa, ya durƙusa a gaban mutumin da shi Baba ya girma da shekaru masu yawa. Kofur ya yi wuf ya ajiye abin da ke hannunsa ya kama shi yana cewa, "Haba Baba, tashi, tashi don Allah." Ranar na san ashe ya iya ladabi, sai dai inda ya ga ya dace yake nuna shi.

Baba ya ce, "Yaro ya yi maka wauta, ni na zo. Kayan mutane na bakin rahi."

Kofur bai ce komai a kan abin da na yi masa ba, a ranar ko bayanta. Ya ɗauki akwatinsa muka tafi. A bakin rafin ya tsinci guntun sifirin ya duba makaryarsa, fari fat kamar gishiri, ya tambayi wa ya yi aikin. Na faɗa masa. Ya jinjina kai ya ce, "Da gatari ne, da babu kamarsa." Sannan ya dube ni ya ce, "Shiga ƙarƙashi." Na shiga, ban ko cire riga ba.

Sai da aka aika Kano aka samo sifirin, lokacin masu jakunan Ruma sun kwashe sauran gyaɗar. Maƙeri da ya ji labari ya yi kwana uku bai hura wuta ba, sai da Baba ya je da kansa ya ce masa laifin ba nasa ba ne. Motar ta tashi, na kuma yi shekaru ina tuƙa ta, ba wanda ya sake sa mata hannu sai Kofur, ni kuma ina kwance a gefensa. Na sami bakaniken da nake nema, a inda na riga na same shi tun farko na watsar.

Da kaka ta zagayo mutanen Wagini suka sake ba mu gyaɗarsu, don kunyar Baba. Amma ranar lodi sai ga ƙanen mai gari da 'yan tsakuwa a aljihu, duk buhun da aka ɗora ya jefa ɗaya a ƙoƙo. Ba da wulaƙanci ya yi ba, har yana ba ni haƙuri, ni ma na san da ni ne haka zan yi. Baba ya tsaya ya ga an ɗora biyar ko shida, ya ce rana ta yi masa zafi, ya hau jakinsa ya koma gida. Bai sake zuwa wurin lodi ba.

Daga nan duk ranar da na dawo daga sawu nakan same shi a zaure, kusa da turken jakunan. In na gaishe shi sai ya ce, "An ƙirga?"

In ce, "An ƙirga, Baba."

"Sun cika?"

"Sun cika."

Sai ya gyaɗa kai ya ci gaba da gyaran igiyar da ke hannunsa. Shekara shida yana yi mini wannan tambaya, har ya rasu.